Dutsen Baba Ba Shi da Rami

Shekara talatin da huɗu Baba ya yi yana wanki da guga a ɗaki guda, bai taɓa ƙona rigar kowa ba. Na fara da wannan ne saboda in ka tambayi mutanen cocinmu yau, za su ce maka sau ɗaya ya taɓa yi. Ƙarya ne. Ni 'yarsa ce, a gabana aka yi komai, kuma har yanzu in na tuna sai in ji wuyana ya ɗauki zafi.

Shagon ɗan ƙaramin ɗaki ne a bakin titi, tsakanin mai aski da mai gyaran takalmi. Dogon tebur ne a tsakiya, an shimfiɗa masa tsohon bargo da farin zane a sama. Igiya biyu a rataye, buhun gawayi a bayan ƙofa, sai kwalbar ruwa da aka huhhuda marfinta don yayyafi. Dutsen gugarsa na gawayi ne, mai nauyi, ƙasansa sumul kamar madubi. Lantarki ya daɗe da zuwa layinmu, masu guga duk sun canza dutse, Baba ya yi ƙememe. Ya ce nasa yana jin zafinsa a kumatu tun kafin ya taɓa kaya, wancan kuwa sai ya yi ɓarna kake sani.

Yana da ƙa'idodinsa. Ba ya ɗora dutse a kan riga sai ya goga shi sau uku a tsumman gwaji. Farin kaya ta baya yake farawa. Sai kuma ƙa'idar da ta fi ba ni haushi tun ina yarinya: Baba ba ya guga da fushi. In wani ya zo ya zazzage masa rashin mutunci a kan maɓallin da tun a gida ya ɓalle, Baba ba zai ce uffan ba. Zai ajiye dutsen a kan bulonsa, ya zauna a benci, ya ɗora hannuwansa a gwiwa yana kallonsu. Wani lokaci minti biyar, wani lokaci har garwashin ya mutu. Sa'an nan ya tashi ya ci gaba da aiki.

Ni na ɗauka sanyin hali ne, irin na mutumin da aka haifa ba zuciya. Ni kuwa tawa a kusa take. A makaranta an san ni, a layi an san ni, a aikin da na fara yi a wani kanti ma wata uku kawai na yi muka rabu ba daɗi, na dawo shago ina taya Baba. Mama takan ce ita dai ba ta san inda na kwaso wannan hali ba, sai ta saci kallon Baba ta yi murmushi. Ban taɓa gane murmushin nan ba sai bayan ta rasu.

Mama tela ce. A shekararta ta ƙarshe, ciwo na cin ta, ta ɗinka wa coci farin ƙyallen da ake shimfiɗawa a teburin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake raba wa masu bi. Da hannu ta yi masa ado a gefe, inabi da zangarniyar alkama, wata bakwai tana yi, ni nake zura mata zare a allura don idonta ya daina ganin kafar. Bayan rasuwarta, duk Asabar ɗin farkon wata Baba ne yake wanke ƙyallen nan da kansa. Ko ni ba ya bari in taɓa. Yakan rufe adon da wani zane kafin ya goge, ya ninke shi huɗu, ya ajiye a saman komai. Da yamma sai Baba Ƙarami ya zo ya karɓa, domin shi ke riƙe da mabuɗin ɗakin ajiyar coci.

Baba Ƙarami ƙanin Baba ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Baba ne ya rene shi bayan rasuwar iyayensu, da dutsen gugar nan ya yi masa makaranta har ya zama ma'aikacin ofis, daga baya kuma dattijon coci. Mutum ne mai son kujerar gaba. Kafin ya yi magana sai ya yi gyaran murya sau biyu, in aka ba shi addu'a kuwa gara ka nemi wurin jingina. Ba zan ce mugu ba ne. Abin da na sani shi ne tunda nake ban taɓa jin ya ce "na yi kuskure" ba, ko a kan hanya ce ya ɓata. Duk Asabar kuma sai ya kawo fararen rigunansa shago, Baba ya goge masa, kamar yadda yake yi tun yana ɗan makaranta.

Ranar Lahadin da abin ya faru muna da babban baƙo mai wa'azi. Mun iso da wuri muka tarar mutane sun yi cirko-cirko a gaban teburin. An baza ƙyallen Mama. A tsakiyarsa ga shatin dutsen guga, ja-wur kamar ƙanzo, bakin tsinin ma ya huda zanen. Baba Ƙarami na tsaye a gefe, ya yi gyaran muryarsa sau biyu.

"Haka na buɗe na gan shi," in ji shi. "Yaya ne. Tsufa ya zo, ido ya ragu. Don Allah a yi masa uzuri."

A yi masa uzuri. Da zaginsa ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Na matsa na sunkuya. A cikin ƙunar, ta gefe-gefe, ga wasu 'yan fararen ɗigo-ɗigo a jere, inda zanen bai ƙone ba. Duk wanda ya taɓa cin abinci da guga ya san mene ne wannan. Ramukan da tururi ke fita ne a ƙasan dutsen lantarki. Dutsen Baba ba shi da rami ko ɗaya. Kuma ba wanda bai sani ba a danginmu cewa ɗan Baba Ƙarami ya aiko masa da sabon dutsen lantarki, domin sai da ya nuna wa kowa shi a cikin kwalinsa. Labarin a fili yake. Ya kai ƙyallen gida, ya ga karin ninki, ya ce bari ya burge baƙo, ya murɗa zafin dutse zuwa ƙarshe ya ɗora, wataƙila ya juya amsa waya. Amma waɗanda ke tsaye a wurin malaman makaranta ne da ma'aikatan asibiti da 'yan ofis. Su ƙuna kawai suka gani.

Baba ya zo, mutane suka ba shi hanya. Ya sunkuya ya sa yatsa a kan ɗigon nan, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ƙirga su. Ya ɗago ya kalli ƙaninsa. Baba Ƙarami ya shiga gyara hannun rigarsa. Sai Baba ya ninke ƙyallen huɗu, ya sa a hammata.

"A shimfiɗa wani," ya ce. "Lokaci yana tafiya."

Na buɗe baki, Baba ya damƙe mini tsintsiyar hannu. Riƙon da ya yi mini, sai da shatin yatsunsa ya kwana biyu a fatata. Ranar bai tashi ya karɓi Jibi ba. Yana zaune mutane suka yi ta ratsa shi suna wucewa gaba, kowa kuma ya ce kunya ce ta hana shi.

Ran Litinin ya buɗe shago, ya yi wanki, ya shanya, amma bai hura gawayi ba. Talata haka. Laraba haka. Kaya suka taru a yamutse har kan benci. Masu kaya suka fara zuwa suna kwashe abinsu, wasu da sannu-sannu, wasu da magana. Shugabar mawaƙa ta aiko a ce daga yau za a kai rigunan mawaƙa wani wuri, wai don a rage wa Baba wahala. Matar mai aski ta leƙo ta ce mini, "Ku dai lallaɓa shi ya huta, ai ya yi ƙoƙari." Abin da na mayar mata ba zan rubuta shi a nan ba. Sai da mijinta ya fito da reza a hannu, rabin kan mutum a aske, ya raba mu.

Akwai abin da na lura da shi a kwanakin. Kowace safiya ni da Baba mukan yi addu'ar da kowane ɗan coci ya haddace tun yana yaro. Da mun iso wurin nan da mutum ke roƙon gafara daidai da yadda shi ma yake yi wa waɗanda suka saɓa masa, sai in ji muryata ita kaɗai. Baba ya yi shiru. In an wuce wurin, ya sake kamawa.

A rana ta shida na cika na batse. Na same shi a benci, hannuwa a gwiwa.

"Baba, wai kai ba ka da zuciya ne? Ka ga ramukan nan, na ga ka gan su. Mutumin nan ya ƙona aikin Mama, ya shafa maka kashin kaji a gaban jama'a, kai kuma ka zo ka zauna kana kallon hannu."

"Zo nan, Uwata," ya ce. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Ya miƙo hannuwansa. Rawa suke yi. Na ɗauka rawar tsufa ce, sai na ga jijiyoyin sun tashi raɗa-raɗa, yatsun suna neman dunƙulewa da kansu.

"Kwana shida ke nan," ya ce. "Kin ɗauka don me ban hura wuta ba? In na ɗauki dutsen nan yanzu, ban san inda zai sauka ba."

Ya tashi ya janye buhun gawayi daga bayan ƙofa. A jikin katakon akwai wata lotsawa mai zurfi, baƙa, wadda na girma ina gani ban taɓa tambaya ba.

"Uwarki tana da cikinki wata bakwai. Ta kawo mini abinci, ta yi wata magana, yau ko maganar ban tuna ba. Dutsen yana hannuna cike da garwashi. Na jefa. A nan take tsaye." Ya nuna wurin, tazarar tafin hannu ɗaya daga lotsawar. "Da samarina Tartsatsi ake ce mini. Ba ki san wannan ba, don uwarki ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, ko 'yan'uwanta. Ta share garwashin, ta ajiye mini abincin. Ranar na durƙusa a nan na ce wa Ubangiji, in ya yafe mini wannan, ba zan ƙara ɗaukar dutse da fushi ba. Zuciyar ba ta je ko'ina ba, Uwata. Tana nan yadda kika san taki."

Na kalli lotsawar, na kalle shi. Ni ba a gama da ni da labari ɗaya.

"To shi ke nan, sai a bar shi ya ci bulus?"

"Ban ce ya yi daidai ba."

"To ka faɗa mana. Ko ni ka bar ni in faɗa. Ƙyallen kawai zan ɗaga a gaban coci, in kira mai guga ɗaya ya duba."

"In kin faɗa, ƙyallen uwarki zai dawo?"

"Sunanka zai dawo."

"Nawa ya dawo, nasa ya tafi. Ni ina da sana'a a hannuna. Shi in ka cire masa kujerar gaban nan, me ya rage masa? Ni na goya shi, na san shi." Ya mayar da buhun wurinsa. "Ubangijin da muke bi ma an yi masa ƙage a gaban jama'a, da bakinsa kuma, ya fi mu abin faɗa, amma bai kare kansa ba. Ban hana ki ba, bakinki ne. Abu ɗaya nake roƙonki. Ranar da za ki yi maganar, ki fara duba hannunki."

A rana ta takwas ya sa takalmi da hantsi ya tafi gidan ƙaninsa. Na ce to, madalla, yau za a yi ta. Ko awa ɗaya bai yi ba ya dawo.

"Me ka ce masa?"

"Na ce masa na ga ramukan."

"Shi kuma fa?"

"Ya ce bai gane abin da nake nufi ba."

"Sai me?"

"Sai na ce ya kawo rigunansa ran Asabar kamar yadda ya saba."

Na fita daga shagon don kada in yi wa mahaifina rashin kunya. Na zaga layinmu sau uku ina magana ni kaɗai, har mai gyaran takalmi ya tambaye ni ko lafiya.

Safiyar rana ta goma, da muka iso wurin nan na gafara a addu'a, na ji muryar Baba a kan tawa. A shaƙe take, amma ya faɗa har ƙarshe. Ya je shago ya hura gawayi, ya fifita har ya yi ja, ya goga dutsen sau uku a tsumma. Ran Asabar Baba Ƙarami ya kawo rigunansa, ko kunya babu. Na tsaya a kan Baba ina kallo yana goge babbar farar rigar, kuma ba zan ɓoye ba, addu'a nake a zuciyata dutsen ya ɗan daɗe a wuri ɗaya. Bai daɗe ba. Kari ya fito tsaf, wuya ya miƙe, ya ninke ta ya sa a saman komai, inda ƙyallen Mama ke zama.

Shekara huɗu Baba ya ƙara a duniya. Wasu masu kaya sun dawo, wasu ba su dawo ba. Rigunan mawaƙa ba su dawo ba. Maganar kuma ta zama abin barkwanci. Yaro ƙarami da aka haifa jiya zai ajiye wando ya ce, "Baba, a dai kula da wuta." Baba ya yi dariya ya ce to. Ni ban taɓa yin dariyar ba. Sau da yawa maganar tana zuwa har bakina, sai in ga yana kallona ta saman tabarau, in haɗiye ta da ƙyar.

Watan jiya ya rasu, bayan jinyar mako biyu. Da nake haɗa kayansa na sami ƙyallen a ƙasan akwatinsa, a ninke huɗu. Ranar jana'iza na sa shi a jakata. Ba zan ce don tunawa da Mama na ɗauka ba, na san abin da ya sa.

Coci ta cika. Baba Ƙarami yana kujerar gaba, cikin rigar da Baba ya goge masa Asabar ɗin ƙarshe kafin ya kwanta jinya. Fasto ya yi maganar haƙurin Baba, da riƙon amanarsa, duk gaskiya. Sai ya so ya ɗan sassauta wa mutane zuciya.

"Shekara talatin da huɗu yana guga," in ji Fasto, "sau ɗaya tak ya taɓa ƙona kaya. Shi ma na Allah ya ƙona, don ya san Shi ba zai kai shi ƙara ba."

Coci ta ɗauki dariya. A kan gawar mahaifina.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Idona ya rufe. Dariyar ta mutu layi-layi har ta kai baya. Baba Ƙarami ya juyo, ya ga hannuna a cikin jaka, ya ga gefen farin zane da inabin Mama ya leƙo. Na ga fuskarsa ta zube. Tunda nake ban taɓa ganin tsoro irin wannan a idon babban mutum ba, kuma Allah ya gani, daɗi na ji.

"'Yata, akwai magana ne?" in ji Fasto.

Akwai. Shekara huɗu ina tsara ta, na san kalmar farko da ta ƙarshe. Na sunkuyar da kai don in zaro ƙyallen, sai na ga hannuna. Rawa yake yi har ƙarfen jakar yana kaɗawa, jijiyoyin sun tashi, yatsun sun dunƙule a kan zanen. Hannun Baba ne sak, na ranar nan ta shida.

"Babu," na ce. "Na gode wa kowa da zuwa."

Na zauna. Kada wanda ya yaba mini. Ban yafe ba, hannuna kawai na duba.

Asabar ɗin da ta biyo baya na buɗe shago, don yanzu ni ke riƙe da shi. Da yamma sai ga Baba Ƙarami da ƙullin kaya. Na ce, "Sannunku da zuwa," ban ba shi wurin zama ba. Ya ajiye babbar farar rigarsa a tebur. Dutsen Baba yana kan bulo, ƙasansa na kallon ƙofa, Baba Ƙarami ya tsaya ya daɗe yana kallonsa. Ya yi gyaran murya sau ɗaya. Ya yi na biyu. Na ɗauka gafara zai roƙa, don na ga idonsa ya kawo ruwa.

"Kada ki cika mata sitaci," ya ce. Ya juya ya fita.

Yau kwana ashirin da uku rigar tana nan. Na wanke ta, ta bushe, tana rataye a ƙarshen igiya. Kayan kowa ina gogewa lafiya lau, kari tsaf, ba wanda ya yi ƙorafi. Ita kuwa da na sauke ta na shimfiɗa, na goga dutse sau uku a tsumma, sai hannun ya fara. Na san daidai inda zan ɗora shi a ƙirjin rigar, na san ƙirga nawa zan yi kafin in ɗaga. Sai in mayar da dutsen kan bulo, in zauna a bencin Baba, hannuwa a gwiwa.

Bai aiko a karɓa ba, ni ma ban aika ba. Da safe in na zo wurin nan a addu'a, ɗakin yakan yi tsit, don yanzu babu muryar da za ta ɗauke mini. Baba kwana tara ya yi, kuma shi aka yi wa laifin. Gobe da safe zan sake hura gawayi, in sauke rigar, in duba hannuna.